Bayan an sallamo shi, da wa zai zauna? Tsofaffin 'yan ƙwaya da hawan dutse a Bauchi

Duk wanda ya taɓa kai ɗa ko ƙane wurin gyaran hali saboda shaye-shaye ya san ranar sallama ba ita ce ƙarshen magana ba. Yaro zai dawo ya yi haske, kumatu sun ciko, yana sallah a sahun gaba. Uwa ta yi sadaka, uba ya saki fuska. Satin farko kowa na tarairayarsa, sati na uku an gaji da gadi. Kafin wata biyu sai a hango shi da la'asar sakaliya ya nufi bayan gari, inda tsofaffin abokai ke zaune, su da ba za su tambaye shi ina ya shiga ba balle su yi masa gori. Daga nan sai a ce ya ci amana, ko a ce sammu ne, ko a shiga cigiyar wani wurin da ya fi na farko tsanani.

Ba kasafai ake tambaya ba: daga la'asar zuwa bayan isha, da wa aka so ya zauna? Yaran kirki na unguwa iyayensu sun ja musu kunne a kansa. Mai gareji ba ya son a bar shi kusa da akwatin sifana. Ko a gida, in ya shiga ɗaki sai ƙanwarsa ta ɗauke wayarta daga caji. Majalisa ɗaya ce ta rage masa a duniya, ita ce ta jangul.

Abin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa ƙwaya a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin ɗari. Masu wiwi miliyan 10.6, masu tiramol da dangoginsa miliyan 4.6, masu kwankwaɗar maganin tari miliyan 2.4. Bauchi ta kai kashi 16, Gombe kuwa ta haura kashi 20, duka biyun sun ɗara matsakaicin ƙasa. Mutum ɗaya cikin biyar na masu shan ya kai matakin da abin ya zame masa ciwo. Hana sarrafa maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta yi a watan Mayun 2018 ya sa kwalba ta yi tsada, amma bai rage yawan masu neman caji ba, wasu sun karkata ne kawai zuwa wani abin.

Masu magani kuwa 'yan tsiraru ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su cika 300 ba. Mutumin Azare ko Ningi ko Dass, in an wuce sashen da ke Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa da 'yar cibiyar hukumar NDLEA, galibi sai ya kama hanyar Maiduguri ko Kaduna ko Kano. Wannan giɓin ne gidajen mari suka cike shekara da shekaru, har zuwa Satumbar 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sasari a ƙafa, sannan aka bi da na Daura da wasu garuruwan. An rufe gidaje, an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023 wadda ta maye gurbin ta Turawan mulki ta 1958, amma ba a gina abin da zai karɓi waɗancan yaran ba.

Ko da gado ya wadata, gado ba ya gama aikin. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta daɗe tana cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini da asma da ciwonsu ke tashi ba. Babu likitan da zai kwantar da mai hawan jini wata uku ya ce je ka, ka rabu da shi har abada. Mu kuwa haka muke yi wa ɗan ƙwaya, in ya koma mu ce halinsa ne.

A wasu ƙasashe an gwada wata dabara don cike waɗannan sa'o'in na yamma. Ana haɗa masu murmurewa rukuni-rukuni, suna fita hawan dutse, tafiyar ƙasa, tuƙa kwale-kwale, tseren keke, kwanan daji, kuma wanda ke gabansu ba likita ba ne, wani ne da ya sha ya daina. Fitacciya a cikinsu ita ce ƙungiyar The Phoenix, wadda Scott Strode ya kafa a 2006 a jihar Kolorado, shi kansa tsohon ɗan giya da hodar iblis da dambe da hawan duwatsu suka taimaka masa ya tsaya. Ba a biyan ko sisi. Sharaɗin shiga ɗaya ne: ka yi sa'a 48 ba ka sha komai ba. Ba wata uku ba, ba takardar likita ba, kwana biyu.

Dabarar tana da jijiya biyu, jagorancin wanda ya warke da horon fita daji, kuma ta farko ta fi tsufa. A ƙarshen ƙarni na 18, a asibitin Bicêtre da ke Faris, akwai Jean-Baptiste Pussin, wanda ya fara shiga wurin a matsayin majiyyaci kafin ya zama mai kula da sashen masu taɓin hankali. Shi ne ya riƙa ɗaukar waɗanda suka warke aiki, don ya ga sun fi tausayi kuma ba sa saurin ɗaga hannu, kuma a 1797 ya kwance wa majiyyata sarƙa. Sai a 1935, a garin Akron na jihar Ohayo, wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, da ya yi 'yan watanni da barin giya, ya ji ƙawarta ta taso masa a baƙon gari. Maimakon ya nemi likita sai ya nemi wani mashayin da zai yi magana da shi, aka haɗa shi da Dakta Bob Smith. Daga zamansu ƙungiyar AA, ta masu neman barin giya da ke taimakon juna, ta samo asali, ta 'yan ƙwaya kuma, NA, ta biyo a 1953. Abin lura a labarin shi ne Wilson bai je don ya ceci Smith ba. Ya je ne don kada shi ya faɗi.

Jijiya ta biyu ta iso har ƙofarmu. A 1941, lokacin yaƙin Hitila, wani malamin makaranta Bajamushe da ya gudo Birtaniya, Kurt Hahn, ya haɗa kai da mai jiragen ruwa Lawrence Holt suka buɗe makarantar Outward Bound a gaɓar tekun Wels, don horar da matasan ma'aikatan jirgi jure wuya da dogaro da juna. Shekara goma bayan haka, a 1951, Alec Dickson ya kafa irinta a Man O' War Bay kusa da Biktoriya, Limbe ta yau a Kamaru. Ita ce ta zama cibiyar horar da 'yan ƙasa da shugabanci wadda ke da makarantar hawan dutse a duwatsun Shere kusa da Jos, nan maƙwabtanmu. Duk wanda ya yi bautar ƙasa a sansanin Wailo ya ratsa ƙarƙashin waya ya tsallake katanga da igiya, ya ɗanɗana gyauron wannan tarbiyya. Don haka masu igiya da sanin ƙulli ba sai an ɗauko su daga Turai ba.

To me dutse ke yi wa mai murmurewa wanda zaman ɗaki bai yi masa?

Da farko akwai jiki. Ƙwaya tana tunzura sashen ƙwaƙwalwa da ke sa mutum jin daɗi fiye da yadda abinci ko hira ko bacci za su iya, har sashen ya rage karɓa don ya kare kansa. In aka daina, sai komai ya koma salam. Tuwo ba ɗanɗano, ƙwallo ba armashi, dare ba bacci. Wannan yanayin yakan ɗauki makonni har watanni, kuma a cikinsa ne mafi yawa ke zamewa, ba don sun manta wa'azi ba. Motsa jiki mai tsanani yana daga cikin 'yan abubuwan da ke taɓa wannan sashe ba tare da ƙwaya ba, kuma wanda ya hau Dutsen Warinje ya sauko da ƙafarsa, daren nan ba ya bukatar roci, ƙwayar sa bacci, kafin ya runtsa.

Sai tsoro, wanda a ganina ya fi motsa jikin muhimmanci. Yaron da ke manne da fuskar dutse, ƙafa na rawa, zuciya na dukan uku-uku, ransa na ce masa sauka yanzun nan, yana jin abin da ya yi kama da abin da yake ji in ƙawa ta taso. Jagora a ƙasa yana ce masa: “Tsaya, mutumina, kar ka hau kar ka sauka. Ja numfashi. Zai wuce.” Kuma ya wuce. Ƙawa ma haka take, tana tasowa ta kai ƙololuwa ta faɗa in ba a biye mata ba, sai dai wanda bai taɓa jira ya gani ba ba zai yarda ba. A kan dutse yana gani da jikinsa. Daga baya, ranar da ya ci karo da dilansa a bakin kasuwar Wunti, akwai abin da zai tuna wanda ba a allo aka rubuta masa ba.

Akwai kuma kunya. Ka zaunar da saurayi Bahaushe a kujera, ka fuskance shi da biro da takarda ka ce faɗa min damuwarka, abin da za ka samu shi ne “lafiya lau” da “ba komai”. Ba mu saba buɗe ciki ido cikin ido ba. Amma a tafiya, kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon gabansa, gumi na zuba, magana takan fito da kanta. Masu wannan aiki sukan zauna bayan an sauko, a dafa shayi, a tambayi kowa a ina ya ji zai fasa, me ya hana shi, wa ya miƙa masa hannu. Wannan zaman shi ne ainihin aikin. In babu shi, yawon buɗe ido aka yi.

Sannan igiya. A hawan da ake ɗaura igiya, wani ne a ƙasa yake riƙe da ran na sama. Ka ɗauki mutumin da aka yi shekara biyar ba a aike shi da naira ɗari biyar ba, ka koya masa ƙulli, ka ce yau kai ke riƙe da wane. Ban san wata nasiha da za ta yi masa abin da wannan riƙon zai yi ba.

Abu na ƙarshe ƙarami ne amma a Bauchi yana iya zama shi ne babba. Babu saurayin da zai ce wa mahaifiyarsa a gaban maƙwabta zan tafi taron 'yan ƙwaya. Amma “Umma, Asabar za mu hau dutse” magana ce da za a faɗa a tsakar gida. Dutsen hujja ce ta haɗuwa wadda ba ta zubar da mutunci.

Yanzu sai jagoran. Me ya sa lallai sai wanda ya sha? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohon ɗan ƙwaya ya san ƙaryar da ake yi wa iyaye don ya yi ta, ya san idon wanda ya haɗiya da safe ko da ya wanke fuska ya sa turare, ya san ranar biyan kuɗin aiki da daren sallah da lokacin kamfen su ne ranakun haɗari. In malami ko likita ya ce za ka iya, yaro zai ce a ransa ai ba ka taɓa ji ba. In wanda suka taɓa zama a jangul ɗaya ya faɗa, ga shi yanzu da mata da ɗan shagonsa, babu amsa. Kuma shi jagoran, kamar Wilson, yana tsare kansa ne da aikin, domin wanda yara goma ke jira ƙarfe shida na safiyar Asabar yana da dalilin kwana da wuri ranar Juma'a.

Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan tunanin. Hadisin mutumin da ya kashe rai 99 ya cike na ɗari, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, malamin da ya ce masa ƙofar tuba a buɗe take bai tsaya nan ba. Ya ce masa ya bar ƙasarsa ya tafi inda mutanen kirki suke ya zauna da su. Matasanmu ba su da garin da za su ƙaura zuwa. Abin da za a iya yi musu shi ne a kafa musu wata majalisar a cikin garin nan, wadda mutanenta suka san inda suka fito kuma ba sa ƙyamarsu.

Kada a zuzuta abin ya wuce hujjarsa. Taimakon tsara ga tsara yana da shaida mai ɗan ƙarfi. Nazarin da cibiyar Cochrane mai tattara binciken lafiya ta fitar a 2020, wanda ya tattara bincike 27 da mutum fiye da 10,000, ya nuna shirye-shiryen da ke shigar da mashaya cikin AA sun yi daidai da sauran hanyoyin magani, a wasu wuraren ma sun fi su wajen daina sha gaba ɗaya. Sai dai kan giya aka yi shi, mafi yawa a Amurka, ba kan tiramol a Katagum ba. Wani nazarin nasu na 2013 kan ɗaukar tsofaffin majiyyata aiki a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ya ce ba su fi ƙwararru ba, ba su kuma gaza su ba. A ƙasar da ƙwararrun suka wadata wannan ba wani labari ba ne. A wurinmu babban labari ne. Ɓangaren dutse da daji kuwa shaidarsa ta fi rauni: binciken ƙanana ne, ba a bin mutane dogon lokaci, kuma wanda ya tashi da asuba don hawan dutse da ma ya fi wanda ya ƙi zuwa niyya. Shi ya sa nake ganin dutsen ƙofa ce kawai, abin da ke riƙe mutum shi ne mutanen da ya samu a can da kuma yawan haɗuwarsu.

Wannan ya shafi zaɓin wuri. In aka ce yawo a Bauchi kowa Yankari yake tunawa, da giwayenta da ruwan Wikki da ke nan a ɗumin digiri 31 rani da damina, da kogunan Marshall. Amma tafiyar ta haura kilomita 100 daga cikin gari, ga kuɗin mota ga na shiga ga na kwana. Yankari ta dace da sau ɗaya a shekara, ladan waɗanda suka jure. Abin da ake bukata shi ne wurin da za a je kowane mako da ƙafa ko da keke: duwatsun da suka kewaye garin Bauchi, hanyar dam ɗin Gubi, Dutsen Mbula ga mutanen Dass, duwatsun Shira masu tsofaffin zane-zane, tafkin Maladumba ga na Misau. Gombe na da Bima da Tula da Kilang. Ƙasar ba ta rasa dutse ba. Fita ɗaya ta kece raini da hotuna da riguna masu tambari, wadda ba a sake yi ba sai baɗi, ba ta da bambanci da wata ukun asibiti. An ga irin haka a siyasa. Gwamnatin Ibrahim Hassan Dankwambo ta Gombe ta kwashi 'yan Kalare ta kai su sansani ta mai da su masu kula da hanya da tsaftar gari, Bauchi ma ta yi nata yunƙurin kan 'yan sara-suka, amma har yau sunayen biyu ba su ɓace daga labarai ba. Sansani yana da ranar rufewa, jangul ba ta da ita.

Akwai kuma abin da mu ya kamata mu yi hattara da shi fiye da Bature. Fita daji a ƙungiya ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, farautar rani ce, da kiɗanta da kirarinta da karnukanta. Kuma kowa ya san a irin wannan fitar ce yara da yawa suka fara haɗiyar ƙwaya don kada su gaji, daba ma tana da tsohuwar dangantaka da ita. Idan shirin ya koma gasar jarumta, wa ya fi hawa, wa ya fi taurin rai, an sake gina abin da ake gudu ne da sabon fenti. Rukunin da ya san aikinsa da tafiyar mafi rauni yake auna saurinsa, kuma wanda ya ce yau iyakata nan, ba a yi masa dariya.

Haɗarin jiki ma na gaske ne. Wanda ke tsakiyar janyewa wurinsa asibiti, ba gefen dutse ba. Tiramol na jawo farfaɗiya, barin su diyazafam da roci farat ɗaya ma na jawo ta, kuma farfaɗiya a kan tudu ko cikin ruwa ajali ce. Don haka sai ma'aikacin lafiya ya duba mutum kafin a ɗaura masa igiya. Zafin Maris da Afrilu yakan doshi digiri 40, fitar lokacin ta asuba ce. Duwatsun yankin nan gidan kububuwa ne, ba banza aka kafa asibitin cizon maciji a Kaltungo ba, kuma silifas ba takalmin hawa ba ne. Ruwan dam yana cin wanda bai iya iyo ba, ga tsargiya. Wasu dazuzzukan Alkaleri da Toro da Ningi sun sha fama da masu garkuwa da mutane, babu mai hankalin da zai kai yaran mutane kwana inda mai gari da maharba ba su ce da lafiya ba.

Mafi muni shi ne tilas. A Amurka an mai da gyaran hali a daji kasuwanci, ana ɗauke yara da dare da yardar iyaye a kai su jeji. A 2007 ofishin bincike na majalisar dokokin ƙasar ya fitar da rahoto kan dubban zarge-zargen cin zarafi a irin waɗannan wurare, ya bi diddigin mutuwar yara goma, wasu ƙishirwa da zafi ne suka kashe su alhali ma'aikata na cewa ƙarya suke. Mu da muka san gidan mari ba ma bukatar a fassara mana. Ranar da uba ya ce “Malam, ga shi nan, ku wahalar min da shi ya dawo hayyacinsa,” kuma aka karɓa, an buɗe gidan mari marar katanga.

Shi ma jagoran mutum ne mai rauni. Zai riƙa jin labaran da ke tayar masa da nasa mikin, za a kira shi ƙarfe biyun dare, wani yaron da ya saka rai a kansa zai koma, wani zai mutu. Yana bukatar ya yi nisa da barin sha kafin a ba shi mutane, yana bukatar horo kan taimakon gaggawa da riƙe sirri da sanin iyakarsa, cewa shi ba likita ba ne kuma ba ya ba da magani ko hana shan wanda likita ya rubuta. Yana bukatar wani na sama da shi, nas ko jami'in walwala, da zai zauna da shi a kai a kai. Kuma yana bukatar albashi. Muna da ɗabi'ar cewa aikin Allah ne, alhali mai faɗar haka yana karɓar alawus ɗin taron bita. A Amurka tun 2007 inshorar lafiya ta gwamnati ta amince jihohi su riƙa biyan irin waɗannan ma'aikata. Mutumin da ƙwaya ta cinye masa shekarun koyon sana'a, in aka ce ya yi aikin kyauta, ana tura shi ne ga talaucin da ya fara kai shi jangul.

Wata matsalar tamu ce ta kanmu. Jarin jagora labarinsa ne, addini da al'ada kuwa sun ce wanda Allah ya rufa wa asiri kada ya tona kansa. Malamai sun bambance mai alfahari da saɓo da mai ba da labari don a ɗauki izina, wannan a sarari yake. Amma unguwa ba ta karanta wannan bambancin. Ranar da aka zo binciken aurensa, ko na ƙanwarsa, abin da za a tuna shi ne ai shi ne ya fito a rediyo ya ce ya sha sholisho. Saboda haka labarin nasa ne, a cikin rukuni zai ba da abin da ya ga dama, kuma ƙungiyar da ke jan shi gaban kyamara duk lokacin da masu ba da tallafi suka zo tana cin mutuncinsa ne don ta ci abinci.

Mata su ne aka fi mantawa. Wancan binciken na 2019 ya ce cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya ɗaya mace ce, amma a wuraren magani da ƙyar ake samun mace ɗaya cikin 20. Matar aure da ke shan maganin tari a uwar ɗaka ba za ta bi samari kan dutse ba, bai ma kamata a nema ba. Nata rukunin na mata ne zalla, jagorarta mace, a filin makarantar 'yan mata ko gonar da aka killace, da yardar gida, kuma wataƙila da sunan motsa jiki ko koyon sana'a. Samun macen da za ta yarda a san ta sha ta daina ya fi samun namiji wuya sau goma, don abin da za ta rasa ya fi yawa.

Sai ranar da wani ya koma, wadda tabbas za ta zo. Bukhari ya ruwaito labarin sahabin da ake ta kawowa saboda giya, har wani ya tsine masa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Dokar sa'a 48 kusan haka take aiki: wanda ya zo a cake ba zai hau ba ranar, don ransa da na mai riƙe masa igiya, amma jibi yana da wuri, ba tare da an titsiye shi ba. Jagora ne zai je ƙofar gidansu kafin jibin, kuma akwai dalilin gaggawa da iyaye da yawa ba su taɓa ji ba. Wanda ya yi watanni bai sha tiramol ko kodin ba, jikinsa ya sauka daga jurewar da ya saba. In ya koma ya haɗiyi adadin da yake sha a da, musamman in ya haɗa da roci ko giya, numfashinsa na iya tsayawa cikin bacci. Makonnin farko bayan sallama daga asibiti ko gidan yari su ne suka fi kisa. Akwai allurar nalokson da ke farfaɗo da wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka danne wa numfashi, kuma ya kamata duk jagora ya san alamun, munshari mai nauyi da leɓe ya yi duhu da ƙwayar ido ta tsuke, ya san ba a barin irin wannan ya yi bacci ya huce, a kwantar da shi ta gefe a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa.